Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Lafiya Matakin Farko Ta Jihar Bauchi

Ranka ya daɗe Shugaba,

Kukana a kan hayaƙin taba ne da mata masu juna biyu. A Zungur mace ba ta kunna sigari a bainar jama'a, sai ake ganin babu matsala. Akwai. Ga shisha, ga kuma maigida yana busa tasa a ɗaki, taga rufe saboda hunturu, matarsa da tsohon ciki tana shaƙa.

Nikotin yana matse jijiyoyin da ke kai jini mahaifa, iskar ɗan tayi ta ragu. Hakan kan sa a haifi bakwaini ko jariri marar nauyi, kuma masana sun lura 'ya'yan mata masu shan taba sun fi fama da rashin natsuwa da yawan faɗa. Mu kuwa sai mu ce ƙiriniya ce, a ɗauko bulala.

Kare matan nan da jariransu haƙƙi ne a wuyanku. Ranar awon ciki, ungozoma ta tambayi kowace mace wa ke shan taba a gidanta, cikin sirri, ba gori. A kira mazaje su ji da kunnensu. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara. Ku matsa a aiwatar da ita a teburan unguwa.

Wassalam,
Wani mazaunin Zungur, Bauchi