Zancen Tura Yaro Bakin Teku Neman Sifaniyanci

Idan saurayi a Matsinkai ya durƙusa gaban mahaifinsa ya ce yana son ya tafi wani ɗan gari na bakin teku ya koyo harshen Sifaniya, amsar da zai fara ji ita ce, "Me ya haɗa ɗan Musulmi da yaren Nasara?" Wannan amsa tana da dalili, amma ba ta isa hukunci ba.

Malamai sun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin kada a yi masa ƙari ko ragi a cikin wasiƙu, ya kuwa iya shi cikin kimanin rabin wata. Fatake kuma sun san kakanninsu da suka bi ta Illo da Nikki da Jugu har Salaga neman goro ba su yi ciniki da bebanci ba. Sun ji Dandanci, sun ji Barbanci, kuma ba a taɓa cewa sallarsu ta ɓaci saboda haka ba.

Sa'an nan shi Sifaniyanci ba baƙo ba ne ƙwarai a zauren malam, ko da malam bai sani ba. Ƙasar nan ita ce Andalus. Ibnu Malik mai Alfiyya a Jayyan aka haife shi, Alfazazi mai Ishiriniya mutumin Ƙurɗuba ne, Alƙali Iyal mai Ashafa kuwa ya yi alƙalanci a Garnaɗa. Musulmi sun yi kusan shekara 800 a can, daga 711 har faɗuwar Garnaɗa a 1492, suka bar kalmominsu a bakin mutanen. Shugaban gari suna ce masa alkalde, tushensa ɗaya da alƙali. Sukari kuwa asukar suke cewa. Abin da ya fi wannan ban mamaki, Musulmin da suka rage bayan 1492, da Larabci ya kuɓuce musu, sai suka riƙa rubuta Sifaniyanci da baƙaƙen Larabci, suna ajiye farillai da ƙissoshin Annabawa a ɓoye. Sunan wannan rubutu alhamiyado, watau ajami. Mai karanta wannan shafi ashe ɗan'uwansu ne a alƙalami.

Ta wajen amfani, masu jin harshen tun daga nono sun kusa miliyan 500, kuma harshen hukuma ne a ƙasashe kamar 20, galibinsu a hayin teku wajen Amurka. A ƙananan garuruwan gaɓar tekun can akwai makarantun da ke karɓar baƙo, su sauke shi a gidan mutanen gari, ya yi darasi da safe, ya wuni yana magana da masunta da 'yan kasuwa. Dabarar daidai ce, domin harshe a kunne yake shiga kafin takarda, kuma ƙaramin gari ya fi birni, tun da babu wanda zai ji tausayin baƙo ya juya masa zance da Ingilishi. Amma kuɗin jirgi da biza da masauki sun fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma nan ne tsoron mahaifi yake da gaskiya. Bakin teku wurin shaƙatawa ne, akwai giya, akwai tsiraici, naman alade kuma abincin gida ne, masallaci kuwa sai a yi tafiya mai nisa ba a ga ko ɗaya ba. Yaron da bai sauke ba, bai san Ahalari da Ishmawi ba, tura shi can kasada ce da abin da ya fi dukiya.

Akwai ƙasa mafi kusa, wadda mutanen da suke kira Panya, watau tsibirin Farnando Fo, wanda yanzu sunansa Biyoko a ƙasar Gini Ikwatoriya. Sifaniya ta mulke ta har 1968, kuma Sifaniyanci ne harshen ofis da makaranta. 'Yan Nijeriya sun yi ƙwadago a gonakin koko na can, musamman bayan yarjejeniyar 1942, har aka kwaso su a 1975 da 1976 saboda wulaƙanci. Hausawa 'yan kasuwa sun daɗe a Malabo da Bata, da masallatansu. To, nan ma akwai tarko iri biyu. A Malabo ana yin wani gurɓataccen Ingilishi mai suna Pichi, wanda ɗan Nijeriya zai iya lallaɓawa da shi shekara da shekaru bai koyi kome ba. Zango kuma, da yake rufin asirin baƙo ne, shi ne babban maƙiyin mai neman harshe: wanda ya kwana cikin Hausawa, ya wuni cikin Hausawa, zai komo da Hausarsa kaɗai da bashin mai masauki. Abin da ya kamata, yaro ya kwana a zango, ya ci a zango, ya yi salla a zango, amma wuninsa ya zama a shagon wanda ba ya jin Hausa.

Sai dai kafin duk wannan, mutumin Matsinkai yana da darasi a bayan ɗakinsa. Ƙasar Benin, wadda ake kira Dahome kafin 1975, ga ta nan a ƙetaren iyaka, kuma Faransanci ne harshen takardunta. Attajirai nawa ne na Bagudo da Kaoje da Lolo suke kai kaya Segbana da Malanbil da Kandi, har su sauka Kwatano, amma idan jandarma ya miƙo takarda sai sun nemi tafinta, su biya shi, su kuma sa hannu a kan abin da ba su karanta ba? Faransanci da Sifaniyanci 'yan ɗaki ɗaya ne, duka daga Latin suka fito, wanda ya iya ɗaya ya ci rabin hanyar ɗayan. Mai son bakin teku lalle, akwai ƙauyen koyon Faransanci da gwamnatin Nijeriya ta kafa a Badagiri a 1991.

Saboda haka idan saurayin nan ya sake durƙusawa, kada mahaifi ya kore shi, kada kuma ya kwance masa bakin jaka nan take. Ya ba shi jarin albasa ko shinkafa, ya tura shi Malanbil wurin amintaccen mai masauki ya yi rani guda. In ya komo yana karanta takardar kwastan da kansa, liman kuma ya shaida bai bar jam'i ba, a lokacin sai a zauna a yi lissafin kuɗin Panya.