Barewa da Burtali a Ƙasar Gozaki

Harshen Hausa ya fi dajin ƙasar Hausa arzikin namun dawa. A cikin ƙamus da karin magana da kirarin mafarauta akwai barewa da gada da mazo da maraya da kanki da gwanki da ƙwanta-rafi, kowace da sunanta da halinta. Yaron da ya tashi a Gozaki ko Ƙafur ko Malumfashi a yau ya san cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma da wuya a ce ya taɓa ganin barewar da idonsa, sai fa a hoto ko a gidan ajiyar namun daji. Wannan giɓi tsakanin harshe da ƙasa shi ne ya sa zancen mayar da irin waɗannan dabbobi mazauninsu na asali ya shafi manazarcin Hausa kamar yadda ya shafi masanin gandun daji.

Zancen ya sami gindin zama tun 2020, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaga darajar wasu dazuzzuka goma su zama gandun namun daji na ƙasa. Cikinsu har da dajin Kogo da ke Ƙaramar Hukumar Faskari, yamma da Funtuwa, da kuma Falgore ta Jihar Kano. Duk inda aka ambaci irin wannan gandu, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne shinge da masu gadi da motar da za ta kawo dabbobi daga wani wuri. Sai dai wanda ya san kudancin Katsina ya san cewa a fara da wannan tamkar a sayi sirdi ne kafin a sami doki. Abin da ya kori barewa daga wannan ƙasa shi ne ya ƙuntata wa saniya, kuma ba za a iya sama wa ta farko wuri ba sai an warware matsalar ta biyu.

Gozaki tsohuwar alƙarya ce. Marigayi Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya sanya ta tare da Maska cikin manyan cibiyoyin Katsina-Laka, wato sashen kudu mai ƙasar laka da wadatar ruwan sama. Albarkar ƙasar ita ce ta jawo mata jama'a. Zamanin Turawa ya zo da kasuwar auduga da injin gurza da hanyar jirgin ƙasa da ta ratsa Funtuwa. A 1975 kuma aka kafa Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da Gombe. Takin zamani da ingantaccen irin masara da garmar shanu suka sauya fuskar karkara. Saura, wato gonar da ake bari ta huta, ta yi ta raguwa har ta kusa ɓacewa. Fadamar da a da makiyayi ke shayarwa da rani, barewa ta sha da asuba, ta koma lambun tumatir da rake da albasa. Babu wanda zai zargi manomi da wannan, domin baki ya ƙaru kuma gona ba ta ƙaru ba. Amma gaskiyar ita ce, bindigar maharbi ta sami barewa ne bayan gatari da garma sun riga sun tone mata asiri.

A da akwai tsari, ko da ba a rubuce yake ba. Da ruwan shuka ya sauka, sai mai unguwa ya sa a yi shela a ɗaure awaki da tumaki, wanda dabbarsa ta yi ɓarna a kai ta gidan dagaci ya biya kafin ya karɓa. Bayan an kwashe amfanin gona sai a saki dabbobi, Bafillace ya sauka a gonar manomi ya ci karmami da harawa, ya bar masa taki, wani lokaci har manomin ya ƙara masa da damin dawa. Tsakanin gonaki akwai burtali, a bakin rafi akwai mashaya, bayan gari akwai makiyaya da hurumi. Farauta ma tana da lokaci da shugabanci, ba a shiga daji sai Sarkin Dawa ko Sarkin Baka ya ba da izini. Namun dawa sun rayu ne a cikin ratar da wannan tsari ya bari, ba a cikin wani gandu da aka keɓe musu ba.

Dokokin da suka biyo baya sun karɓe ikon ba tare da sun ɗauki nauyin ba. Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji a 1963, ta yi ta keɓe wuraren kiwo a 1965. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa hakimai da dagatai ƙarfi, sannan Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon raba filayen karkara. Wannan doka ta yarda a ba mutum har hekta 500 don noma, hekta 5,000 don kiwo, amma abin da aka fi gani shi ne yankan makiyaya da gefen daji a mayar da su gonaki, sau da yawa ga masu hannu da shuni da ke zaune a birni. Daga wuraren kiwo 415 da ake lissafawa a Nijeriya, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka tabbatar a doka. Burtalin da garke ke bi a wadace ya tsuke ya zama 'yar siririyar hanya, saniya ta miƙa wuya dama ko hagu ta ci shuka, rigima ta tashi.

Akwai kuma wani ɓangare da ba a cika son faɗa ba. Dabbar sake a wannan yanki ba ta Bafillace ce kaɗai ba. Awakin gari da tumakin kiwon Sallah da shanun huɗa sun yi yawa, kuma wani kaso na garken da ake gani a hannun yaro makiyayi na ɗan kasuwa ne ko ma'aikaci ko ɗan siyasa. Noman rani ya sa yanzu babu watan da ƙasa take a sake baki ɗaya, alhali al'adar sakin dabbobi bayan kaka tana nan yadda take. Kara da harawa da ake bari a gona sun zama hajar sayarwa. Saboda haka kiran a hana kiwon sake dungurungum, irin dokar da Jihar Binuwai ta yi a 2017, ba ya amsa tambayar Gozaki, inda mai gonar da mai akuyar sau da yawa mutum ɗaya ne.

Misalan da suka yi nasara a maƙwabta suna da darasi, idan aka karanta su da kyau. A shekarar 2000 aka ayyana mariri a matsayin dabbar da ta ƙare a daji, sai wadda ke tsare. A 2016 gwamnatin Chadi, da haɗin gwiwar hukumar muhalli ta Abu Dhabi, ta fara sakin sa a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim. Ya hayayyafa har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga wancan rukuni. Gandun nan ba shi da shinge, makiyaya da raƙumansu da shanunsu suna cikinsa. A Nijar, raƙuman dawan Kure sun ragu zuwa 49 a 1996, suka farfaɗo suka kai ɗaruruwa a tsakiyar gonakin gero da wake na Zabarmawa, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji da ke Jihar Maraɗi. Ba abin mamaki ba ne a ce Nijar ce ta yi Dokar Karkara a 1993 da dokar kiwo a 2010, ta kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, inda sarakuna da manoma da makiyaya ke zama su shata burtali su kafa masa alama. Tsarin yana da nasa raunin, kuma Chadi tana da faɗin ƙasar da Katsina ba ta da shi. Duk da haka, a wurare biyun an fara ne da mutanen da ke kan ƙasar.

A gida kuwa akwai misalin Sumu a Jihar Bauchi, inda a 2006 aka kawo namun daji kyauta daga Namibiya aka zuba a wani fili mai shinge. Wurin shaƙatawa ne mai ban sha'awa, amma yawancin dabbobin baƙi ne a ƙasar Hausa, ba su da ko suna a harshen mutanen da ke kewaye da su. Wannan baje koli ne, ba mayar da abin da aka rasa ba. Mariri ma dabbar bakin hamada ce, ba ta ƙasar laka ba. Abin da ya dace da kudancin Katsina shi ne gada da mazo da barewa, sai gwanki idan daji ya samu da faɗi.

Sannan ga babbar magana, wato tsaro. Dajin Kogo yana cikin jerin dazuzzukan da suka haɗe da Kamuku ta Birnin Gwari da Kuyambana ta Zamfara da Rugu, waɗanda 'yan bindiga suka mayar mafaka. Ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka sace a Disambar 2020, cikin irin waɗannan dazuzzuka aka shige da su. Dajin da ma'aikacin gandu ba ya iya kwana a cikinsa ba wurin sakin dabbar da aka kashe miliyoyi a kanta ba ne. Kuma satar shanu da rashin makiyaya da zaluncin da aka yi wa makiyayi a gaban hukuma suna cikin tushen wannan fitina, ko da yake ta daɗe da wuce nan.

Don haka aikin farko na ƙasa ne da takarda. A bi tsofaffin burtaloli da mashaya da hurumi na gundumomin Galadiman Katsina a Malumfashi da Sarkin Maska a Funtuwa da maƙwabtansu, a auna su, a kafa musu turaka, a rubuta su cikin dokar jiha yadda shugaban ƙaramar hukuma ba zai iya rabar da su ba. A mayar wa dagaci da arɗo ikon sasanta ɓarna da ƙayyade ranar ɗauri da ranar saki, bisa kalandar da ta san da noman rani. A yi wa awaki da tumaki rigakafi, domin annobar da ke kashe su tana kama barewa. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka ƙirƙira a 2024 da shirin farfaɗo da ƙasa na Bankin Duniya da ke aiki a jihohin Arewa suna da kuɗin da za su iya ɗaukar wannan, idan aka karkatar da su daga gine-gine zuwa shata iyaka. Gada da mazo dabbobi ne masu jure zama kusa da mutane. Inda aka bar kurmin bakin rafi ya yi duhu aka kuma hana tarko, akwai fatan ragowarsu su dawo da ƙafarsu ba tare da an ɗauko su a mota ba.

Mafarauta su ne suka fi kowa dacewa da gadin wannan. Ƙungiyoyinsu suna nan, har gwamnatoci na neman su don aikin sintiri. Su suka san sawu da makwanci da ciyawar da kowace dabba ke so. A nan ne manazarta Hausa ke da aikin da babu mai yi musu: dattawan mafarautan Gozaki da Ƙafur da Bakori da Faskari da suka ga gwanki da idonsu suna ƙarewa, kuma a bakinsu ne ake da sunayen tafkuna da duwatsu da fadamun da kowace dabba ta zauna, da shekarar da aka daina ganin ta. Sassan Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Ahmadu Bello suna da ɗaliban da suka fito daga waɗannan garuruwa, kuma na'urar ɗaukar murya tana cikin aljihun kowannensu.