Cutar lupus: Ana ƙara zargin ƙwayar cutar da kusan kowa ke ɗauke da ita

Wani bincike da masana kimiyya na jami'ar Stanford da ke Amurka suka wallafa a watan Nuwamban 2025 ya ƙarfafa zargin da aka daɗe ana yi, cewa wata ƙwayar cuta da kusan kowane baligi ke ɗauke da ita tana da hannu wajen haddasa cutar lupus.

Lupus na cikin cututtukan da garkuwar jiki kan juya ta far wa jikin da ya kamata ta kare. Takan kawo ciwon gaɓɓai da zazzaɓi da ƙuraje a fuska da zubewar gashi, idan ta yi tsanani kuma ta lalata ƙoda. An ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 5 ne ke fama da ita a duniya, kuma 9 cikin 10 mata ne, galibinsu masu shekarun haihuwa.

Ƙwayar cutar da ake zargi ita ce Epstein-Barr, ko EBV a taƙaice, wadda danginsu ɗaya da mai haddasa ƙarambau. Ta hanyar yawu ake ɗaukarta, kuma kimanin kashi 95 cikin 100 na manya suna da ita.

Idan ta shiga jiki ba ta fita. Takan laɓe har ƙarshen rayuwa cikin wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, waɗanda su ne ke ƙera sinadaran yaƙi da cututtuka.

Daga Afirka labarinta ya faro. A 1958 wani likitan tiyata a Yuganda, Denis Burkitt, ya yi bayanin wata sankarar muƙamuƙi da ke addabar yara. A 1964 ne Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano ƙwayar a Landan, cikin samfurin ƙarin da aka aika musu daga Yuganda.

Hujjojin da aka tara

A 1997 masu bincike a Oklahoma, Judith James da John Harley, sun auna jinin yara da matasa 117 masu lupus, suka tarar 116 suna ɗauke da EBV. A tsakanin tsaransu masu lafiya kuwa, kashi 70 cikin 100 ne kawai suka kamu.

A 2005 aka nuna cewa wani furotin na ƙwayar ya yi kama da wani furotin na jikin ɗan Adam. Ke nan garkuwar jiki na iya kai hari kan baƙo, ta wayi gari tana dukan ɗan gida.

Sai kuma a 2018, masana a Cincinnati suka gano cewa wani furotin ɗin nata mai suna EBNA2 yana manne wa kusan rabin wuraren da ke cikin ƙwayoyin gado na ɗan Adam waɗanda aka san suna ƙara haɗarin lupus. Sun ga makamancin haka a wasu cututtuka 6, ciki har da amosanin gaɓɓai mai kumburi da likitoci ke kira rumatoyid.

Abin da binciken Stanford, ƙarƙashin jagorancin William Robinson, ya ƙara shi ne bayanin yadda ɓarnar ke aukuwa. A jikin mai lafiya, ƙasa da 1 cikin 10,000 na ƙwayoyin B ne ke ɗauke da EBV. A jikin mai lupus kuwa, adadin ya kai 1 cikin 400. Masanan sun nuna cewa EBV kan shiga ƙwayoyin B da tun asali suke da halin far wa jiki, ta sauya musu ɗabi'a, su kuma su zuga sauran dakarun garkuwa har faɗan ya game jiki.

Me ya sa ba kowa ke kamuwa ba?

Abin tambaya a nan shi ne, in har kusan kowa na da ƙwayar, me ya sa 'yan kaɗan ne ke samun lupus?

Amsar da hujjojin ke nunawa ita ce EBV ba ta isa ita kaɗai ba. Sai ta haɗu da gado da jinsi da wasu dalilai na muhalli, kamar shan taba. Don haka gwajin jini da ya nuna mutum na da EBV ba ya nufin lupus na tafe.

Haka kuma binciken Stanford an yi shi ne a kan waɗanda cutar ta riga ta kama, kuma raunin garkuwarsu da magungunan da suke sha na iya bai wa ƙwayar damar yaɗuwa. Hujja mafi ƙarfi ita ce irin wadda aka samu a 2022 game da cutar MS mai lalata jijiyoyin laka da ƙwaƙwalwa, lokacin da masanan Harvard suka bi bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, suka ga haɗarin cutar ya ninka sau 32 bayan kamuwa da EBV.

Game da rumatoyid da cutar Sjögren mai busar da ido da baki, hujjojin ba su kai ƙarfin na lupus ba.

Batun ya shafi Afirka

A Amurka da Birtaniya, lupus ta fi yawa kuma ta fi tsanani a tsakanin mata 'yan asalin Afirka. Amma an daɗe ana ɗauka cewa ba ta da yawa a Afirka ta Yamma. A 1968 likita Brian Greenwood, bisa abin da ya gani a Ibadan, ya kawo hasashen cewa cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro ne ke rage ire-iren waɗannan cututtuka.

Daga baya rahotannin asibitoci a Legas da wasu birane sun nuna cewa cutar tana nan, ƙarancin ƙwararru da kayan gwaji ne ke ɓoye ta. Sau da yawa mace kan sha maganin zazzaɓi ko na sanyin ƙashi na tsawon lokaci kafin a gane ainihin abin da ke damunta, wani lokaci bayan ƙoda ta taɓu.

Ya zuwa yanzu babu allurar rigakafin EBV da aka amince da ita, kuma magungunan da ake da su ba sa kawar da ƙwayar daga maɓoyarta. Wata allura da aka gwada, wadda aka bayyana sakamakonta a 2007, ta rage zazzaɓin da ƙwayar kan jawo wa matasa da kashi 78 cikin 100, amma ba ta hana kamuwa ba. A 2022 kamfanin Moderna da hukumar binciken lafiya ta Amurka sun soma gwajin sababbin allurai a jikin mutane.

Idan aka samu allurar da ta hana kamuwa, sannan lupus ta ragu a tsakanin waɗanda aka yi wa, a nan ne za a raba gardama. Sai dai hakan zai ɗauki shekaru, kuma a Afirka, inda yawancin yara kan kamu tun suna ƙanana, dole a yi ta tun ana goye.

Kafin lokacin, abin da ke ceton rai shi ne gano cutar da wuri. Babban maganin da likitoci ke ɗora masu lupus a kai, wato hydroxychloroquine, ɗan'uwan kulorokwin ne da aka daɗe da sani a yankin, kuma yana rage tashin cutar idan aka sha shi bisa kulawar likita.