FILIN SANIN DOKA: Harajin Kwana da Masu Masaukin Baƙi

Birnin Ƙonni garin baƙi ne. Babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram ta ratsa ta cikinsa. Hanyar Tawa da Agadas ta rabu a Tsarnawa, kusa da shi. Ta kudu kuma ga iyakar Najeriya da hanyar Sakkwato. Kullum akwai mai neman wurin kwana: direban kamyo mai jiran takardun duwan, mai sayen albasar Galmi, mai ɗaukar siminti a Malbaza, falken dabbobi daga kasuwannin Ilela, da mai kai marar lafiya asibitin Galmi.

Saboda haka, in albasa ta yi kuɗi ko an sayar da shanu, wani manomi ko makiyayi yakan gina ɗaki uku ko huɗu, ya riƙa ba da su haya da kwana. Sana'a ce mai kyau. Amma tana da haraji. Wanda bai san shi ba yakan ci kuɗin hukuma, yana zaton riba ce.

MENENE HARAJIN KWANA?

Kuɗi ne da ake ɗora wa baƙo a kan kowane dare da ya kwana a masaukin haya. Ba sabon abu ba ne a duniya. Faransa ta fara shi tun 1910, a garuruwan da mutane ke zuwa shan iska da neman lafiya. Jihar Legas ta Najeriya ta kafa nata a 2009, kashi 5 cikin 100 na abin da baƙo ya biya. A Nijar, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta lissafta harajin otel cikin kuɗin da kwamin ke iya karɓa.

A da, masu otel ne abin ya fi shafa. Daga baya mutane suka shiga ba da ɗakunan gidajensu haya na kwana ɗaya ko mako ɗaya. Kamfanin Airbnb, wanda aka kafa a Amurka a 2008, ya bunƙasa wannan sana'a ta intanet. Masu otel suka yi kuka: su suna biya, wasu ba su biya. A 2015 kamfanin ya fara karɓar harajin a hannun baƙi yana miƙa wa hukumar birnin Paris. Tun daga nan hukumomi da yawa suka sa ido a kan ƙananan masaukai.

KUƊIN WA NE?

Ga abin da ya fi muhimmanci. Harajin kwana baƙo ke biyansa. Mai masauki mai ajiya ne kawai. Amana ce a hannunsa har ranar da zai kai ta.

Ga misali da lissafi mai sauƙi. A ce ɗaki jika 5 ne a dare, haraji kuma dala 100. Mutum yana da ɗaki 4, baƙi suka yi masa kwana 60 cikin wata. Harajin watan ya zama jika 30. In ya yi wata 3 bai ware ba, bashin ya kai jika 90. Kuɗin kuwa sun tafi wajen taki, man inji da cefane. Ranar da mai karɓa ya zo, sai a kama rago a kai kasuwa.

HANYA UKU

Mai masauki yana da hanya uku. Ta farko, ya ƙara harajin a kan kuɗin ɗaki, ya faɗa wa baƙo tun a bakin ƙofa. Wani baƙon zai yi tsaki ya koma tasha ya kwana a tabarma. Ta biyu, ya bar kuɗin ɗaki yadda suke, ya cire harajin daga ribarsa. Wannan yana riƙe baƙi, amma kuɗin gyaran rufi da ruwa da lantarki za su ragu. Ta uku, ya ɓoye. Wannan ita ce mafi tsada, domin in aka gane, ga bashi ga tara.

Harajin kwana ya bambanta da patanti da harajin gida. Su na shekara ne. Shi kuwa baƙo yake bi: ba baƙo, ba haraji. Mutanen Ƙonni sun san darajar wannan. Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake rufe ta a 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. A irin wannan lokaci ɗakuna zaman banza suke yi. Mai littafi yana iya nuna daren da ba kowa. Marar littafi sai rantsuwa, rantsuwa kuwa ba ta shiga lissafin ofis.

ABIN YI

Kafin a buɗe masauki, a je meri da ofishin lanho a tambaya: wane haraji ya hau kan wannan gida, nawa ne, yaushe ake kai shi? Matambayi ba ya ɓata.

A sayi littafi. Kowane dare a rubuta sunan baƙo, ranar zuwansa, da abin da ya biya. Ga amfanin karatun yaƙi da jahilci.

A ware kuɗin haraji a wani gwangwani dabam tun ranar da aka karɓa.

Kada a biya kowa sai da takardar shaida mai hatimi, kamar yadda ake karɓar tikiti a kasuwa. A adana ta.

Wanda ya sauke ɗan'uwa ko baƙo don Allah, bai karɓi ko dala ba, wannan zumunci ne, ba sana'a ba. Baƙonka sarkinka. Amma da zarar an yanka wa ɗaki kuɗi, an shiga kasuwanci, kasuwanci kuwa sai da lissafi.

Wata mai zuwa, in Allah ya yarda, filin zai duba harajin sayar da dabbobi a kara.