Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Kada Mu Binne Kwamfutocinmu da Rai

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da ma'aikata, akwai abin da muke wucewa kullum ba mu ko waiwaya, wato tarin kwamfutocin da aka jibge a ɗakunan ajiya na ofisoshi da makarantu, ƙura ta lulluɓe su, an ce wai sun mutu. Ra'ayina shi ne da yawa daga cikinsu suna da sauran numfashi, kasala da rashin sani ne suka binne su da rai. Zan kafa hujja da abin da na gani da idona.

A hutun da ya wuce na je gida Bagudo, na tarar da yayana, mai shagon buga takardu, yana cikin damuwa. Kwamfutarsa 'yar Kwatano ce, irin kayan gwanjon da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Jamhuriyar Benin. Ta yi nauyi ƙwarai, har mutum ya zo daga Ka'oje ko Illo ko Lolo da takardarsa, ya zauna ya gaji kafin ta buɗe. Sayen sabuwa kuwa ya gagara, domin tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin shekarar 2024, sefa ma ta bi sahu. Sai na ce masa kafin ya ci bashi, bari mu buɗe cikinta mu gani.

Ga abin da ya kamata kowa ya sani. A cikin akwatin akwai babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, shi ne yake haɗa dukan sassa. A tsakiyarsa akwai gurbi inda furosesa ke zaune, wato ƙwaƙwalwar na'urar. A kwamfutar tebur ana iya ɗaga marufin gurbin a cire ta a sa wata, amma a yawancin na tafi-da-gidanka na zamani an narka ta ne jikin allon, ba ta ciruwa. Gurbin tamu shi ne LGA 1155, wanda kamfanin Intel ya fitar a 2011, furosesar kuwa Core i3-2100 ce, mai ƙwaya biyu masu aiki.

A nan na yi kuskuren da nake so ku guje masa. Na aika Kano aka sayo mini Core i5-3470 ta 2012, don na karanta cewa gurbinsu ɗaya. Ta zauna daram, amma da muka kunna sai fanka ta juya, gilashi ya tsaya baƙi ƙirin. Ashe daidaiton gurbi bai wadatar ba. Akwai wata ƙaramar na'ura mai tsara zirga-zirga a jikin allon, ana kiranta cifset, kuma namu Q65 ne, wanda ba ya karɓar zubi na uku. Da H61 ne, da ya karɓa bayan an sabunta masa manhajar tushe da ake kira BIOS. Laifina ne, ban nemi jerin furosesocin da allon ke ɗauka ba kafin in fitar da kuɗi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Aka musanya mini da Core i5-2400, mai ƙwaya huɗu, 'yar zubi ɗaya da tsohuwar. Amma ita tana fitar da zafin da ya kai wat 95, alhali ta farko 65 ce, kuma duk wanda ya san bazarar bakin Kwara ya san zafi kan haura digiri 40. Don haka muka kakkaɓe ƙurar hunturu daga fanka, muka goge busasshen man sanyaya da ke saman furosesa muka shafa sabo, muka ƙara ram ya kai giga 8, muka sauya tsohon faifan ajiya mai juyawa da SSD. Gaskiya ita ce SSD ɗin nan ya fi furosesar kawo saurin da ido ke gani, saboda haka wanda kuɗinsa bai kai ba ya fara da shi. Yau na'urar tana ciyar da gida, abin da muka kashe kuwa bai kama ƙafar kuɗin sabuwa ba.

Wani zai ce, ai wannan ɗinkin tsumma ne, kuma yana da hujja. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa tana neman furosesar Intel ta zubi na takwas, wadda ta fito a 2017, ko abin da ya biyo bayanta. Ko wace furosesa ka sa a LGA 1155 ba za ta cika wannan sharaɗi ba. Na yarda, kuma ba zan ba da shawara a ɗora lissafin albashi ko asirin ofis a kan manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka ba. Amma wa ya ce sai da Windows ake koyon kwamfuta? Linux Mint kyauta ce, ana sabunta ta, tana zuwa da LibreOffice na rubutu da lissafi, kuma tana gudu lafiya a kan irin waɗannan na'urori. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Wani kuma zai ce gyaran yana da haɗari. Haka ne. Gurbin yana da 'yan siraran allurai 1,155, idan ɗaya ta lanƙwashe allon na iya tafiya. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta BIOS, na'urar na iya ƙin tashi ɗungurungum, shi ya sa ba a yin sa sai da batir ko janareta mai tsayayyen ƙarfi. To amma maganin haɗari ilimi ne, mu kuwa ilimin aka turo mu nema da kuɗin talakawa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙannenmu. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron ƙauyen iyaka da ya haddace littattafansa, amma bai taɓa riƙe linzami ba sai ranar jarrabawa, yaya zai yi takara da ɗan birni? Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace na'ura da ke ruɓewa a ɗakin ajiya kujerar koyo ce aka hana wani yaro. Haka nan rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna an zubar da tarkacen kayan lantarki tan miliyan 62 a duniya cikin 2022. Mu da ake kawo wa ragowar wasu, bai kamata mu riga masu ƙerawa zubarwa ba.

Gare ku 'yan'uwa matasan ma'aikata, na san rubuta takardar neman sabbin kaya ya fi sauƙi, na kuma san akwai masu son kwangila fiye da gyara, don a cikin kwangila ake samun na goro. Kafin ka sa hannu cewa na'ura ta mutu, ka sa a buɗe ta, a rubuta lambar allonta da abin da ya lalace. Wadda ofis ba ya bukata a miƙa ta ga makaranta bisa ƙa'ida.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai kuwa, ina ba da shawara ta kafa kwamitin gyara na sa-kai, ta nemi ɗaki ɗaya da sukurdireba da man sanyaya, ɗaliban kimiyyar kwamfuta da injiniyanci su koya wa sauran. Idan hutu ya zo, kowa ya koma ƙaramar hukumarsa da na'ura ko da ɗaya ce, ya ajiye ta a makarantar da ta yaye shi. Ni na ɗauki alkawarin Bagudo, kuma na riga na fara tara sassan ta farko. Allah ya ba mu ikon cikawa, amin.