A gwada ɗalibi kafin ya kama hanyar Lugu

Ɗalibin tarihin da ya sauka a tashar Dogon Dutsi da nufin zuwa Lugu ya riga ya haddace labarin watan Afrilun 1899: rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta auka wa garin, ta cinna masa wuta, Sarauniya Mangu da Aznanta suka ƙi miƙa wuya. To amma a ina ya samo labarin? A bakin tsofaffin ƙasar Arewa, yankin Dogon Dutsi, ko a takardun sojan Faransa, ko kuwa a ƙagaggen littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin da Med Hondo ya yi da shi a 1986? Kowanne da irin Sarauniyarsa. Wanda bai iya rarrabe su ba, kundinsa zai fito a cakuɗe, kuma ba za a gane ba sai ranar ƙarshe.

Jami'o'in Nijar, daga Abdou Moumouni ta Yamai har zuwa na Maraɗi, Tawa da Damagaram, suna bin tsarin LMD: shekara 3 a lisans, 2 a mastar, 3 a digirin dokta. Babban hukunci yana ranar kare kundi, wadda ɗalibai ke kira sutnans. Ana cika ɗaki da dangi, ana tanadin lemo, malamai su zauna su yi tambayoyi a kan abin da aka rubuta. Wane malami ne zai iya kallon mahaifiyar ɗalibi ya ce wa ɗanta ya koma ya sake karatu daga tushe?

A Amurka ana tare matsalar tun a tsakiyar tafiya. Bayan kamar shekara 2 na darussa, mai neman dokta yakan zauna jarrabawar game fanni. Shi da malamansa ke tsara jerin littattafai, a sashen tarihi sukan haura 100. Ya yi amsa a rubuce, sa'an nan ya zauna gaban kwamitin malamai su yi ta jefa masa tambaya baki da baki. Ba a tambayarsa kundi, don bai fara shi ba. Ana auna ko ya san fagen da zai shiga. In ya ci, a ba shi izinin bincike. In ya faɗi, galibi a ba shi dama ta biyu, in ya sake faɗi ya bar shirin.

Tsarin yana da illa: yana cin watanni, yana hana barci, kuma ɗalibin da ke jiran kuɗin tallafin karatun da ba ya zuwa a kan kari ba ya buƙatar ƙarin jinkiri. Duk da haka ya dace makarantun dokta na Nijar su ari ƙashin bayansa, a ƙarshen shekarar farko, kafin a kashe kuɗin mota zuwa ƙauye.

Mai son rubutu kan Lugu sai a tambaye shi littafin Marc-Henri Piault na 1970 kan tarihin Mawri, mutanen ƙasar Arewa. A sa ɗalibin ya bayyana dangantakar Sarauniya da Baura, shugaban gargajiya na garin Bagaji, da matsayin dutsen Tunguma wajen yanke hukunci. Kuma a yi rabin jarrabawar da Hausa, domin da Hausar Arewa tsofaffin za su amsa masa, ba da Faransanci ba, kuma mai dogaro da tafinta rabin zance yake samu.

Za a ce malamai sun yi kaɗan, gaskiya ne. Amma Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato tana da sashen tarihi da masana Hausa, kuma daga Dogon Dutsi ta fi Yamai kusa. Gayyatar malami ɗaya daga can ya zauna a kwamiti ba ta fi ƙarfin aljihun jami'a ba.