Zancen Iyali: Bayan Ritaya, Sai Me?

Ranar da mutum ya ajiye aiki rana ce ta murna. Abokan aiki su shirya liyafa, a yi jawabi, a ba shi agogon bango, kowa ya watse. Kashegari da safe kuwa ba inda za shi. A Nijeriya yawancin ma'aikatan gwamnati sukan yi ritaya in sun kai shekara 60 da haihuwa, ko kuwa in sun cika shekara 35 suna aiki. Watau wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 20 zai dawo gida yana da 55, da sauran ƙarfinsa, hankalinsa kuma garau. To, shi da uwargida me za su yi da shekarun da suka rage? Waɗansu sukan zauna a ƙofar gida suna jiran fansho, har zaman ya tsofe da su tun lokaci bai yi ba. A wannan wata muna so mu duba wani miji da mata a ƙasar Amurka waɗanda suka raba shekarunsu na hutu kashi biyu, kashi ɗaya domin iyalinsu, ɗaya kuma domin hidimar waɗansu.

Manomin gyaɗa da matarsa

Da yawa daga cikin masu karatu sun san sunan Jimi Kata, wanda ya yi shugabancin Amurka daga 1977 zuwa 1981. Ya ziyarci Legas a 1978. Daga baya kuma cibiyarsa ta haɗa hannu da Janar Yakubu Gowon wajen yaƙi da ciwon kurkunu, har aka tabbatar a 2013 cewa Nijeriya ta rabu da shi. Amma yau zancenmu na gidansa ne.

Kata bai ajiye aiki da son ransa ba, faɗuwa zaɓe ya yi a 1980. Yana da shekara 56, matarsa Rosalin tana da 53, suka koma ƙauyensu Plains a jihar Jojiya, garin da mutanensa ba su kai dubu ba. Da suka isa suka tarar sana'arsu ta gyaɗa ta ci bashi fiye da dala miliyan ɗaya, dole suka sayar da ita. Ga kunyar faɗuwa, ga bashi, ga rashin aiki. Da sun kulle ƙofa sun zauna da baƙin ciki, ba wanda zai ga laifinsu.

Ba su yi haka ba. Suka fara da ƙaramar ikkilisiyarsu ta Baftis mai suna Maranata. Shi yana koyarwa a makarantar Lahadi, in layi ya zo kansa kuma ya yanke ciyawar harabar majami'a, ita kuwa ta yi shara da goge-goge a ciki. Da yake shi gwanin aikin kafinta ne, shi ya sassaƙa gicciyen da ke gaban majami'ar, da akusan karɓar baiko.

Mako guda a zangon aiki

Kusa da ƙauyensu akwai wata ƙungiyar Kirista mai suna Habitat for Humanity, wadda aka kafa a 1976 domin gina wa marasa galihu gidaje. Ba kyauta ake ba da gidan ba. Wanda za a ba shi yakan sa hannu cikin ginin, sa'an nan ya riƙa biya kaɗan kaɗan, ba a cin riba a kansa. Masu aikin sa kai sukan taru su yi zango na mako guda, su ci tare, su yi addu'a tare, su yi aiki tare.

A 1984 Kata da Rosalin suka shiga motar safa tare da waɗansu masu sa kai, suka tafi birnin Niyok domin gyaran wani tsohon bene mai hawa shida, inda iyali 19 suka sami wurin zama daga baya. A wata majami'a suka sauka. An keɓe musu ɗaki, amma da suka ji akwai ango da amarya cikin ayarin, sai suka bar musu ɗakin, suka kwana inda sauran jama'a suka kwana. Rosalin ta tafi da niyyar taimako wajen abinci kawai, amma kafin mako ya ƙare ta iya guduma da ƙusa.

Tun daga nan, kusan kowace shekara sukan ware mako guda domin wannan aiki, har shekara 35. Sun yi shi a ƙasashe 14, an kuwa gina ko gyara gidaje fiye da 4,000 a zangunan da suka halarta. A watan Oktoba na 2019 Kata ya faɗi a gida, aka yi masa ɗinki 14 a goshi. Yana da shekara 95, ido a kumbure, amma kashegari aka gan shi a wurin gini a birnin Nashbil.

Ba sai shugaban ƙasa ba

Wani zai ce, ai wannan babban mutum ne. Gaskiya ne, amma a ƙasar akwai talakawan Kirista da yawa masu yin irin wannan, ba mai buga sunansu a jarida. Akwai ƙungiyar SOWERS da aka kafa a 1983, sunan kuwa yana nufin masu shuka. Akwai kuma NOMADS ta ikkilisiyar Metodis, wadda ta fara a 1988 a jihar Taksas. Yawancin 'yan ƙungiyoyin nan ma'aurata ne da suka yi ritaya. Suna da mota mai ɗaki a ciki, da gado, da madafa, da bayan gida. Sukan tuƙa ta zuwa wani sansanin matasa na ikkilisiya, ko makaranta, ko gidan marayu, su yi mako uku, suna aiki kwana huɗu a mako. Masu wurin su ba su inda za su ajiye mota, da ruwa, da lantarki. Man mota da abinci kuwa daga aljihunsu. Ba a biyansu ko kwabo.

Me suke yi? Gyaran rufi, shafa fenti, gyaran famfo da wayar lantarki, ɗinkin labule, wanke-wanke, aikin ofis. In rani ya yi, aka rufe makarantu, yara suka cika sansanin, wa'azin da za su ji da waƙoƙin da za su koya sun dogara ga waɗannan hannuwa da ba a gani ba. Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, mutumin da dā yake ba da umarni a ofis, yanzu wani saurayi sa'an ɗansa ne yake nuna masa inda zai share, shi kuwa ya ɗauki tsintsiya ba gunaguni.

Naka sai naka

Sai dai akwai haɗari a nan. Mutum yana iya zama uban kowa a waje, a gida kuwa baƙo. Mun san gidajen da jikoki ba su san kakansu ba sai a hoto, domin kullum yana wurin taro. Manzo Bulus ya yi kashedi mai zafi a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa, a 1 Timoti sura 5.

Kata da Rosalin suna da 'ya'ya huɗu, maza uku da mace ɗaya, kowa da inda yake zaune. Saboda haka suka ɗauki wata al'ada. Bayan Kirsimati sukan tara 'ya'ya da surukai da jikoki, a tafi wani wuri tare a yi 'yan kwanaki, tsofaffin ne kuwa suke ɗaukar nauyi. Kata ya rubuta littafi a 2004 a kan irin waɗannan lokatan jin daɗi tare da iyali. Abin lura shi ne ba su jira 'ya'ya su tuna da su ba. Su suka sa rana, su suka yi tanadi, su suka kira. Zumunci a ƙafa yake, ƙafar kuwa ba ta yaro kaɗai ba ce.

Kada kuma a ɗauka zamansu ba saɓani. A 1953 Kata ya bar aikin sojan ruwa ya koma gona bai shawarci matarsa ba, ta kuwa yi fushi ƙwarai. Ya sha faɗar wannan da bakinsa domin waɗansu su koya. Bayan ritaya kuma suka rubuta littafi tare, wanda ya fito a 1987, gardama a kan rubutun ta kusa raba su. Abin da ya riƙe su shi ne sukan karanta Littafi Mai Tsarki tare kowane dare, suna kuma ƙoƙari kada su kwanta da fushi. Sun yi shekara 77 da aure. Rosalin ta rasu a 2023, shi kuma a ƙarshen 2024 yana da shekara 100.

Ko Lawiyawa sun yi ritaya

A Littafin Ƙidaya sura 8, Ubangiji ya umarta Lawiyawa su fara hidima a alfarwa suna da shekara 25, su sauka in sun kai 50. Amma bai sallame su ba. Ya ce su ci gaba da taimakon 'yan'uwansu wajen tsaro. An sauke musu kaya mai nauyi, an bar musu aikin da ya dace da shekarunsu. Mu tuna kuma da Loyis kakar Timoti, wadda bangaskiyarta ta bi ta kan 'yarta har ta kai ga jikanta. Hidima a waje da hidima a gida, duka biyu Allah yana nema a hannun tsofaffi.

Mu fa?

Mun sani a ƙasashenmu fansho yakan yi jinkiri, in ya zo ma ba ya kai wa ko'ina. Ba mu da mota mai ɗaki, ba kuwa lalle sai da ita ba. A dogon hutu matasanmu sukan yi zango, na Boys' Brigade, na Girls' Brigade, na ɗalibai Kirista, da na matasan ikkilisiya. Sau da yawa za ka tarar yara ɗari biyu, manya kuwa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Wa zai duba yaron da zazzaɓi ya kama da tsakar dare, alhali ga nas mai ritaya zaune a gida? Wa zai kwana a ɗakin 'yan mata ya zama musu uwa? Wa zai lura da tukunya, ya riƙe lissafin kuɗi, ya gyara bencin da ya karye? Yarinyar da gidansu ba zaman lafiya, in ta yi mako guda tana ganin tsoho da tsohuwa suna girmama juna, ta koyi abin da ba mai wa'azin da zai koya mata.

Ga shawarwari huɗu ga baba da mama:

1. Ku zauna ku biyu a farkon shekara ku yi shawara. Kada maigida ya yi alkawari da sunan uwargida ba da saninta ba.

2. Ku fara sa ranar iyali, sa'an nan ranar zango. Ko kwana uku ne a ƙauye bayan girbi, jikoki su zo su ji tarihin gidansu, su ji yadda bishara ta shigo garinku, ku yi addu'a tare.

3. In kun je zango, ku bi shugaban da aka sa, ko da ku kuka yi masa suna. Ku tambaye shi aikin da ya rasa mai yi.

4. Ku yi daidai ƙarfinku. Mai hawan jini kada ya hau rufi, akwai aikin zaune.

Ku kuma shugabannin matasa, kunya takan hana dattijo ya miƙa kansa. Ku je har gida ku gaishe su, ku roƙe su, ku tanada musu wurin kwana mai kyau. 'Ya'ya kuwa, in iyaye sun kira ku hutu, ku zo da yara, kada ku aika da kuɗi kawai.

Dogon hutu yana zuwa. Bari kowace ikkilisiya ta rubuta sunayen masu ritaya da ke cikinta, da sana'ar kowa, ta miƙa wa masu shirya zango. Ubangiji ya ba iyayenmu lafiya da ƙarfi, ya sa tsufansu ya zama albarka ga jikokinsu da 'ya'yan waɗansu. Amin.